Shi Kaɗai A Kan Dutsen Ritter

A yammacin ƙasar Amurka, cikin jihar Kaliforniya, akwai wani jerin duwatsu da ake kira Siyera Nevada. Tsawon jerin ya kai mil 400 daga arewa zuwa kudu. Da lokacin sanyi dusar ƙanƙara takan rufe su ruf, ko da zafi ya zo ma ba ta narkewa duka a kan manyansu. A tsakiyar jerin nan akwai wani baƙin dutse mai suna Ritter. Ma'auna ƙasa ne suka sa masa sunan wani malamin labarin ƙasa Bajamushe, Carl Ritter. Tsayinsa ya ɗara mita 4,000 kaɗan, wato ƙafa 13,000 da 'yan kai. Domin mu gane wannan tsayi, sai mu tuna garin Jos yana wajen mita 1,200 ne bisa teku. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Dutsen Kamaru ne kusan tsaran Ritter.

A wannan wata, 'yan'uwa masu karatu, za mu ba ku labarin mutum biyu da suka shiga waɗannan duwatsu ba abokin tafiya, suka yi zango a jeji, suka hau Ritter har ƙwanƙoli. Shekara 61 ce tsakaninsu. Dukansu gwanaye ne, dukansu kuma sun bar waɗansu suna jiransu a ƙasa. Ɗaya ya komo, ɗaya bai komo ba.

Abin da yake jiran mutum a can sama

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu san irin wurin da za su.

Abu na fari shi ne iska. Mutum yana ƙara hawa, iska tana ƙara raguwa. A tsayin mita 4,000, numfashi ɗaya ba ya kawo wa jiki sai wajen kashi uku cikin biyar na iskar oksijin da yake kawowa a bakin teku. Saboda haka zuciya takan yi ta bugawa da sauri, ƙafafu su yi nauyi, mutum ya yi taki goma ya tsaya yana haki. Tun daga mita 2,500 waɗansu sukan fara ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. Mafi muni kuwa, tunani yakan yi sanyi, mutum ya yanke shawarar da ba zai yanke ba in yana ƙasa.

Na biyu sanyi. A kowace mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. In a bakin teku zafi ya kai digiri 26, to, a kan dutse mai mita 4,000 ruwa yana gab da daskarewa. Da rana ta faɗi abin yakan ƙara tsanani. Ko dafa abinci ma yakan yi wuya, gama ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 87, ya yi ta ɓararraka abinci bai nuna ba.

Na uku shi ne abin da za mu kira kogin ƙanƙara. Dusar ƙanƙara ta shekaru da yawa takan taru cikin kwarin dutse, ta sama ta danne ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri. Nauyinta yakan sa ta riƙa gangarowa sannu sannu kamar kogi. Tana tafiya tana tsagewa, waɗansu tsagogin kuwa suna da zurfin da za su haɗiye mutum.

In mutum biyu ne suke tafiya, ɗaya yakan riƙe igiya ɗaya ya hau. In ɗaya ya karye, ɗaya ya tafi neman taimako. In ɗaya ya ruɗe, ɗaya ya ce masa, mu koma. Wanda ya tafi shi kaɗai ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan.

Wane ne John Muir?

An haifi John Muir a garin Dunbar na ƙasar Sikotilan a shekarar 1838. Yana da shekara 11 iyayensa suka yi ƙaura zuwa Wiskonsin a Amurka, suka kama noma. Mahaifinsa mutum ne mai tsananin horo. Da bulala ya sa shi haddar Littafi Mai Tsarki, har Muir da kansa ya faɗa cewa tun yana yaro ya haddace Sabon Alkawari duka, da wajen kashi uku cikin huɗu na Tsohon Alkawari.

Da ya girma ya zama gwanin injuna. A shekarar 1867 yana aiki a wata masana'anta a birnin Indiyanafolis, sai wani ƙarfe mai tsini ya kuɓuce masa ya soke shi a idon dama. Ba da jimawa ba idon hagu ma ya daina gani. Ya yi makonni cikin ɗaki mai duhu, yana zaton ya makance ke nan. Da ganinsa ya komo, sai ya ƙudura ba zai ƙare kwanakinsa a gaban inji ba. A shekarar nan ya yi tafiyar wajen mil 1,000 a ƙasa, daga Kentaki zuwa Fulorida, yana duban itatuwa da tsire-tsire.

Ya isa Kaliforniya a 1868. Shekara ta gaba ya bi garken tumaki sama da 2,000 zuwa makiyayar kan duwatsu. Daga baya ya zauna a kwarin Yosemiti yana aikin injin tsaga katako, in ya sami sarari kuwa sai ya shiga duwatsu. A 1872 ya kafa turaku a kan wani kogin ƙanƙara, ya komo bayan makonni ya auna, ya tarar ƙanƙarar tana tafiyar wajen inci ɗaya a rana. Wato sa'ad da ya fuskanci Ritter yana da shekara 34, ya riga ya yi shekara huɗu yana koyon halin waɗannan duwatsu.

Sallama da masu zane

A watan Oktoba na 1872 waɗansu masu zanen hoto suka zo Yosemiti suna neman wanda zai kai su inda za su sami kyakkyawan wurin zanawa. Ɗaya daga cikinsu William Keith ne, shi ma haifaffen Sikotilan. Muir ya kai su can saman kogin Tuolumne, tafiyar kwana biyu, suka yi zango. Da ya ga sun duƙufa kan aikinsu, sai zuciyarsa ta koma ga Ritter. Har lokacin ba a san wanda ya taɓa hawansa ba. A 1866 wani ma'aunin ƙasa mai suna Clarence King ya gwada, ya juyo bai kai ba.

Lokacin kuwa ya ƙure. A waɗannan duwatsu Oktoba bakin lokacin sanyi ne, hadarin dusar ƙanƙara yana iya tasowa kowace rana ya toshe hanyoyi. Muir ya san haka. Shi ya sa bai sulale ya tafi ba. Ya faɗa wa baƙinsa dutsen da za shi. Ya ce kada hankalinsu ya tashi ko da sun ga mako guda ko kwana goma bai komo ba. Ya ce in dusar ƙanƙara ta sauko su hura babbar wuta su fake, kada tsoro ya sa su kama hanyar Yosemiti su kaɗai. Mu riƙe wannan sallama, gama za mu komo kanta.

Kwana ba bargo

Guzurinsa burodi ne da ganyen shayi da ɗan gwangwanin dafawa. Ba tanti, ba bargo, ba igiya. Ya yini yana tafiya, ya ƙetare zuwa gabashin jerin duwatsun, sa'an nan ya miƙa kudu yana hawa yana gangara. Da magariba ya isa bakin wani ɗan tafki a tsayin wajen ƙafa 11,000. A irin wannan tsayi itatuwa ba su iya miƙewa. Iska da nauyin ƙanƙara sukan danne su har su yi ta rarrafe a ƙasa, rassansu su sarƙe kamar jinka. Cikin irin wannan sarƙaƙƙiya ya shiga ya yi makwanci. Ya ɗebo ruwa a tafki, ya hura wuta da busassun rassa, ya sha shayi.

Da dare ya raba iska ta taso da ƙarfi. Sanyi ya hana shi barci mai nisa, ya yi ta rarrafowa wajen wuta yana komawa har gari ya waye. Da safe ya ci burodi, ya ɗaura wani busasshen guntu a ɗamararsa ko da dare zai same shi a sama. Sauran abincin ya adana shi inda namun jeji ba za su kai ba.

Tun da hantsi dutsen ya fara nuna masa hali. Ya bi wani gangare mai ƙanƙara yana rarrafe, santsi ya yi ta mayar da shi baya, har ya haƙura ya sauko ya zaga ta wata hanya. Da ya hau wani tudu sai ga Ritter a gabansa, baƙi ƙirin, da kogin ƙanƙara kwance a gindinsa. A labarin da ya buga cikin littafinsa na 1894 bai ɓoye gardamar da ya yi da zuciyarsa a wurin ba. Ya gaya wa kansa lokaci ya wuce, gara ya bari sai baɗi, yau dai zai matsa kusa ne kawai ya duba hanya. Yana wannan magana ƙafafunsa suna ta gaba.

Duk wanda ya taɓa cewa zai ɗanɗana ne kawai, ya san irin wannan gardama. A nan ne rashin abokin tafiya ya fara aikinsa, gama ba wanda zai riƙe masa riga.

Tsakanin sama da ƙasa

Ya ƙetare kogin ƙanƙarar, ya sami wani matsattsen kwazazzabo inda ƙanƙara da duwatsu suke bi in sun ɓalle daga sama. Ya shiga ciki yana hawa. Dutsen Ritter ba irin farin dutsen Yosemiti ba ne wanda ya saba da shi. Baƙin dutse ne mai farfashewa, a wurare da yawa kuma ƙanƙara ta lulluɓe shi. Muir ya yi ta hawa har ya gane cewa wuraren da ya wuto sun fi ƙarfin a sauka ta cikinsu.

A tsayin wajen ƙafa 12,800 kwazazzabon ya ƙare a gindin wani bangon dutse mai tsayin ƙafa 45 zuwa 50. Dama da hagu ba hanya. Ya daɗe yana dubansa, ya ga haɗarin da yake baya ya fi na gaba, sai ya fara hawa, yana zaɓen wurin sa yatsa da wurin sa ƙafa. Da ya kai tsakiya sai abin kamawa ya ƙare. Ga shi manne da dutse, hannuwa a buɗe, ba dama ya yi sama, ba dama ya yi ƙasa. Ya tabbata faɗuwa zai yi. Jikinsa ya ɗauki rawa, tunaninsa ya dagule. Ya ce wannan ne karo na fari da irin wannan tsoro ya kama shi tun da ya fara hawan duwatsu.

Ruɗewar ba ta daɗe ba. Nan da nan rawar jikin ta tsaya, idonsa ya buɗe, ya fara ganin kowace 'yar tsaga a jikin dutsen sarai. Hannuwansa da ƙafafunsa suka kama aiki daidai kamar ba shi yake sarrafa su ba. Ya haye bangon, ya bi ta cikin tarin manyan duwatsu, ba da jimawa ba ya tsaya a ƙwanƙoli cikin hasken rana.

Shi kansa bai yanke hukunci a kan abin da ya cece shi ba. Ya ambaci sabo na shekaru, ya ambaci ilhami, ya ambaci mala'ika mai tsaro, sa'an nan ya bar wa mai karatu ya zaɓi sunan da ya ga dama. Mai karatu na wannan mujalla ba zai rasa sanin wanda zai gode wa ba. Amma mu lura, taimakon nan ya tarar da hannu da ƙafa waɗanda suka yi shekara huɗu suna koyon dutse. Da baƙo ne a wurin, ko idonsa ya buɗe bai san abin da zai kama ba.

Hawa rabin tafiya ne

Daga ƙwanƙolin ya ga duwatsu jere har iyakar gani, ya ga tafkin Mono can arewa cikin busasshiyar ƙasa, a kudu kusa da shi kuma ga waɗansu tsinannun duwatsu masu tsini... to, a nan sai mu gyara harshe, gama kyawawa ne ƙwarai: dogaye ne sirara, ana kiransu Minarets, wato hasumiyoyi, saboda kamanninsu. Za mu sake jin sunansu.

Bai daɗe a sama ba, gama rana ta karkata, zangonsa kuma yana da nisa. A nan ya yi abin hankali. Bai bi hanyar da ya hau ba. Ya nemi wata ta kudancin dutsen, ya sauka har kan wani kogin ƙanƙara, ya bi shi yana kauce wa tsagogi har ya kai gindin dutsen ta gabas. Daga nan ya juya arewa. Dare ya same shi a hanya. Ba fitila, sai ya riƙa duban yadda kwaruruka suka miƙa da inuwar duwatsu a jikin sararin sama. Can sai ya ji ƙarar ruwa mai zubowa a hayin tafkinsa, ya ga taurari cikin ruwan, ya lalubi makwancinsa. Ya hura wuta, ya sha shayi, ya yi barcin gajiya.

A rana ta uku ya komo wurin masu zane. Ko da yake ya ce su ba shi har kwana goma, ya tarar sun riga sun fara shawara ko zai komo ko ba zai komo ba, ko su jira ko su kama hanya. Kwana uku kaɗai ke nan. Mai jira ba ya ƙirga kwana kamar mai tafiya.

Muir ya rayu har 1914. Rubuce-rubucensa sun taimaka aka keɓe Yosemiti ya zama gandun ƙasa a 1890. A 1892 ya zama shugaban farko na ƙungiyar Sierra Club. A 1903 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya kwana uku a jeji tare da shi. Duk wannan ya rataya ne a kan 'yan daƙiƙun nan na jikin bango.

Bayan shekara 61

Walter Starr ƙarami lauya ne a birnin San Faransisko, ɗan shekara 30. Ba baƙo ba ne a Siyera Nevada. Ya yi shekaru yana ratsa duwatsun a lokacin hutunsa, sau da yawa shi kaɗai, yana rubuta littafin jagora na doguwar hanyar ƙafa da aka sa wa sunan John Muir, mai tsawon mil 200 da 'yan kai.

A ƙarshen Yuli na 1933 ya yi zango kusa da tafkin Ediza, a gindin Ritter da Minarets. Sun shirya da mahaifinsa za su sadu ran 7 ga Agusta a wani masauki da yake kudu da wurin. Ranar ta zo, Starr bai zo ba. Da yake an san shi da gwaninta, an kuma san yakan ƙara kwana in tafiya ta yi masa daɗi, ba a ta da hankali nan da nan ba. Sai da mako ya zagayo aka fara nema.

Aka sami zangonsa da kayansa, ba kowa. Amma duwatsu ne kewaye da wurin, wanne ya hau? Ba wanda ya sani. A kan manyan duwatsun nan akan ajiye ɗan littafi cikin gwangwani, wanda ya kai ƙwanƙoli ya sa hannu. Dole masu nema suka rarrabu, suka riƙa hawan duwatsun ɗaya ɗaya suna duba littattafan. Mahaifinsa da ɗan'uwansa suna cikinsu. A kan Ritter aka ga sa hannunsa, wato ya hau ya sauka lafiya. Aka zaga da jirgin sama, ba a ga kome ba. Bayan 'yan kwanaki aka haƙura, jama'a suka watse.

Mutum ɗaya ya ƙi tafiya, sunansa Norman Clyde. Dā shugaban makaranta ne, ya bar aikin ya koma zaman duwatsu, shi ne kuma ya fara hawan fiye da 100 daga cikinsu. Ya zauna shi kaɗai yana bin Minarets da tabaran hangen nesa. Ran 25 ga Agusta ya hau wanda ake kira Michael, yana saukowa sai ya hangi gawar Starr a kan wani ɗan dandamali a jikin dutsen. Kwana 18 ke nan daga ranar da mahaifinsa ya fara jira.

Ba dama a sauko da gawar daga wurin. Bayan 'yan kwanaki Clyde da wani saurayi gwanin hawa mai suna Jules Eichorn suka hau, suka sa shi cikin buhun tamfol, suka rufe shi da duwatsu a nan inda ya faɗi. Mahaifinsa yana ƙasa yana kallo. Shi ne ya tattara rubutun ɗansa, aka buga littafin jagorar a 1934.

Me ya bambanta su?

Da sauƙi mutum ya ce Muir mai hankali ne, Starr kuwa mai ganganci. Labarin bai nuna haka ba. In ganganci ne, na Muir ya fi yawa: ya tafi a bakin lokacin sanyi, ba bargo, ya hau inda ya san ba zai iya sauka ba. Starr ya tafi a lokacin da ya dace, ya kuma san wurin. A kan dutse mai farfashewa, guntu ɗaya ya ɓalle a hannun mutum ya isa. Gwaninta tana rage haɗari, ba ta kawar da shi. Kada kuɓutar Muir ta ruɗi wani saurayi ya ce shi ma zai gwada. Waɗanda suka komo su ne suke ba da labari, shi ya sa muke yawan jin irin nasu.

Bambancin da yake hannun mutum yana wajen sallama. Muir ya faɗi dutsen da za shi, ya yanka kwanaki, ya faɗi abin da za a yi in abu ya ɓaci. Starr ya bar ranar saduwa, amma bai bar sunan dutse ba. Gaskiya ce, ko da ya bari, faɗuwa irin tasa ba a tashi. Amma da an san inda za a nufa tun ranar fari. Da iyayensa ba su yi makonni tsakanin sa zuciya da fid da zuciya ba, da kuma waɗansu 'ya'yan mutane ba su sa ransu a haɗari suna bin duwatsu ɗaya ɗaya ba. In da karaya ce kawai ya yi, mako gudan nan da aka yi ba a fara nema ba shi ne zai raba rai da mutuwa.

Ashe wanda ya ce zai tafi shi kaɗai, ba ransa kaɗai ya ɗauka ba. Ya ɗauki barcin mahaifiyarsa, da kwanciyar hankalin matarsa, da lafiyar waɗanda za su fita nemansa.

Yadda ake yi a yau

Har yanzu mutane suna hawan Ritter, waɗansu su kaɗai. Wurin yana cikin keɓaɓɓen jeji mai sunan Ansel Adams, wani shahararren mai ɗaukar hoto. Mai son kwana a ciki sai ya karɓi takardar izini, wadda take nuna ranar shigarsa da hanyar da zai bi. Abinci kuma akan sa shi cikin wata gwangwani mai tauri wadda dabbar beyar ba ta iya buɗewa. Irin wutar da Muir ya hura an hana ta a wurare masu tsayi haka, gama itatuwan nan masu rarrafe suna daɗewa ƙwarai kafin su girma, a 2022 kuma gwamnatin Amurka ta sa irinsu cikin itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu. Saboda haka matafiyi yakan ɗauki ɗan risho, da tanti marar nauyi, da jakar barci mai ɗumi.

Wayar hannu ba ta cika samun layi a can ba. Akwai wata 'yar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam, wadda take nuna wa masu ceto daidai inda mutum yake. Tana da amfani ƙwarai, amma ba ta riƙe igiya, ba ta hana dutse ɓallewa, in hadari ya rufe kuma jirgin ceto ba ya tashi.

Ƙa'idodin da masu hawan dutse suka yarda da su ba su da wuya. Mutum ya kwana ɗaya ko biyu a matsakaicin tsayi domin jiki ya saba da ƙarancin iska. In ciwon kai da jiri suka tsananta, maganinsu sauka. Ya yi sammako, gama hadari da tsawa sun fi tasowa bayan azahar. Tun yana zango ya yanka wa kansa sa'ar juyowa, in ta yi ya juyo ko da ƙwanƙoli yana gabansa kamar ya miƙa hannu. Kada ya hau inda ba zai iya sauka ba. Sa'an nan ya rubuta wa wani amintacce inda za shi, da hanyar da zai bi, da ranar da za a fara nemansa in ba a gan shi ba. In ya sake shawara a hanya, ya bar takarda a zango.

Yawancinmu ba za mu taɓa ganin Ritter ba. Amma muna da samari masu hawan duwatsun kusa da gari a lokacin hutu, muna da masu shiga jeji neman itace ko zuma, da masu tafiya gona mai nisa su kwana. Ƙa'idar nan ta ƙarshe ba ta bukatar kuɗi ko na'ura. Iyaye su koya wa yara tun suna ƙanana, manya kuma su fara yi a gabansu: kada a fita sai an faɗa wa na gida inda za a, da lokacin da za a komo. Maigida da ya saba yin haka bai rage girmansa ba. Ya sauƙaƙa wa masu jiransa ne, ya kuma nuna wa masu nema inda za su fara in wata rana aka bukace su.